Usur ɗin Anti Hulda

Anti Hulda, malamar 'yan nazare a wani ƙauye kusa da Kafanchan, akwai faɗa. A lambun makaranta take koya wa yara shuka alayyafo da cinsa. In ta busa usur, kowa ya ruga ya kwanta tsakanin kunyoyin citta. Wanda ya tashi kafin busa ta biyu, sai bulala.

Ranar da 'yan bindiga suka shigo, ta busa, ta yi bakin rafi tana ihu don maharan su bi ta. Can suka sassare ta da adda.

Da la'asar iyaye suka tarar da yaran kwance, lafiya lau. Suka ƙi tashi, wai Anti ba ta busa ba tukuna.