Sunayen da Sanusi Ya Ƙi Gogewa

Damina bakwai ke nan da muka kai ƙanena Sanusi makwancinsa a Talata Mafara, Allah Ya jiƙansa. Har yau in na bi gefen magudanan noman rani ta hanyar Bakura, sai in ga kamar ga shi can tsugune, wando a naɗe, yana tsince katantanwa cikin kwalba, ruwa na wasa da inuwarsa.

Masanin ƙwayoyin cuta ne. Tsargiya, ciwon nan mai sa fitsarin jini da katantanwar ruwa ke yaɗawa, ita ta hana shi sakat. Burinsa ya gano ruwayen da ta fi kama mutane. Binciken sai da tallafin gwamnati, tallafin kuma sai da sa hannun magidantan da suka amince.

Na raka shi wani ƙauye bayan Maradun. Na rubuta bayanin da ajami, suka karanta da kansu, kowa ya rubuta sunansa da ajami. Sai masu tantancewa na gwamnati suka maido takardun, wai ajami ba rubutu ba ne: wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa. Kwanaki kaɗan suka rage a rufe karɓa.

Da muka koma, limamin ƙauyen ya dubi tawadar dangwale, ya mai da hannunsa cikin riga.

"Likita, ni da na rubuta Alƙur'ani da ka, ni za a shafa wa tawada kamar ranar zaɓe?"

Sanusi ya ce, "Allah gafarta Malam, ba za a shafa ba."

A hanya ya ce mini, "Yaya, in na tilasta musu, na samu tallafi na rasa ƙauye." Muka zauna, ina karanto kowane suna yana sa boko a ƙarƙashinsa, ya haɗa da wasiƙar bayani, ya aika haka nan.

Amincewar masu tantancewa ta iso bayan sadakar arba'in ɗinsa. Abokiyar aikinsa, Dakta Hauwa, ita ta ɗauki binciken.

Yanzu an ce komai a kwamfuta ake cikewa. Nakan yi tunanin inda zai liƙa sunan Liman a cikinta. Na san dai sai ya nemo wuri.

Bai bar littafi ba, bai bar gini ba. Amma har gobe, in ciwon ya ɓulla, Liman kan aiko wa Dakta Hauwa 'yar takarda da ajami, ta kawo mini in karanta. Bana ta ce in koya mata. Mun kai harafin jim.