Man da Na Ajiye, Naman da Na Zubar

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni magidanci ne a Fort Washington, can ƙasar waje, ina aiki a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti, kuma ina da hali guda da ban ɗauke shi aibi ba: ina son a ce ni ne mai warware wa jama'a matsala. Wannan halin ne ya sa na sayi wata tsohuwar mota irin mai ɗaki da kicin da banɗaki a ciki, wadda ta girmi babban ɗana nesa ba kusa ba. Injin man gas gare ta, ga janareto da ke shan mai daga tanki ɗaya da injin, shi ke ba wa firji da na'urar sanyaya ɗaki wuta. Matata ta ce na sayo mana gidan haya mai taya. Ban kula ta ba.

A Kaduna na tashi, a zamanin da mutum ke wuni a layin mai ya dawo da galan babu komai. Har yau in allurar mai ta sauka rabi sai in ji hankalina bai kwanta ba. Da kaka ta yi, kafin in ajiye motar saboda sanyi, na biya wani gidan man manyan motoci, na ga famfo ɗaya an rubuta bayodizal, wato man gas da aka gauraya da man tsirrai, kashi ashirin cikin ɗari. Na ji an ce ya fi ƙarancin hayaƙi, sai na cika tanki har wuya. Na lulluɓe motar da tamfol a gefen gida, ina jin na yi dabara. Sabo turken wawa. Motar ba ta sake motsi ba sai da Babbar Sallah ta zo, tsakiyar zafi.

A nan ba a yanka a ƙofar gida. Gona ake zuwa can bayan Gaithersburg, a zaɓi rago, a yanka, a feɗe, a zubo naman a leda. A shekarar na ce wa maƙwabta kowa ya huta, ni zan je in kwaso na kowa tunda ina da mota mai sanyi. Cikin waɗanda suka wakilta ni har da wata baiwar Allah da mijinta ya rasu a farkon shekarar. Marigayin shi ke zuwa gona duk shekara, ya dawo su soya a bayan gida, ya bi gidaje da kansa yana rabo. Ta ce mini ba ta so yaranta su ji Sallar bana ta bambanta da na baya, tana so ƙanshin suya ya tashi a gidan kamar yadda suka saba. Na ce mata ta ɗora mai a wuta kawai, kafin azahar ina ƙofar gidanta.

Zuwa lafiya lau, illa ɗan tari da injin ya yi a kan tudu, na ce tsufa ne. A dawowa ne ƙarfinsa ya fara raguwa, ina taka totur motar tana tafiya kamar an ɗaure ta, sannan ta mutu. Na gangara gefen titi. Janareton ma ya biyo bayanta, sanyi ya ɗauke. Firjin dama ƙarami ne, yawancin naman yana jibge a ƙasa cikin leda da ɗuminsa. Na jira kaɗan na murza makulli, ta tashi, ta yi 'yar tafiya, ta sake mutuwa. Wannan tashin da take yi shi ya cuce ni, don da ta mutu gaba ɗaya da tuni na nemi taimako. Matata ta kira ta ce in faɗi inda nake a turo mota da ƙanƙara, na ce ba sai an tayar da hankalin kowa ranar Sallah ba, ga ni nan tafe. Baiwar Allahn nan ma ta kira, cikin ladabi, tana tambaya ko lafiya. Na ce cunkoso ne. Haka na yi ta rarrafe da motar har la'asar ta wuce, cikinta ya koma tanda. Da na haƙura na kira janwe ya ja motar, ko da na buɗe leda ɗaya ban bukaci a gaya mini naman ya lalace ba.

Daga baya makaniki ya ciro filtar mai ya nuna mini, baƙi ƙirin, ta toshe da wani abu kamar kunu. Ya ce irin wannan man yana wanke dattin da ya yi shekara da shekaru a manne cikin tsohon tanki ya turo shi gaba, in ya daɗe a ajiye kuma yana jan ruwa ya lalace, ga tiyon roba irin na da da ya fara laushi yana tsiyaya. Ya ce da na sa man na ƙone shi da wuri, na canja filta, na riƙe wata a mota, da wuya abin ya kai haka.

Malamin masallacinmu ya ce layya ta yi tunda an yanka. Sauran maƙwabta suka yi dariya, wasu suka laƙaba mini Sarkin Fawa, har yau sunan bai sake ni ba. Ita kuwa baiwar Allahn nan, da na je ba ta haƙuri, na tarar da tukunyar mai a kan murhu a bayan gida, an kashe wutar, yaran suna zaune da kayan Sallah. Ta ce ba komai, haka Allah ya so, ta tambayi ko na ci abinci. Jama'a da suka ji labari suka yi ta aika mata nama. Washegari sai ga kwano daga gidanta, ta soya cikin abin da aka ba ta, ta aiko mana da kason da mijinta ya saba kawo mana. Na kasa ci. Kunya irin wannan ban taɓa jin ta ba.

Duk mai tsohuwar motar gas da ke daɗewa a ajiye, kada ya cika ta da wannan man ya tafi ya bar ta. Ya tambayi masana ko injinsa da tiyonsa za su ɗauka, ya gwada ta kafin ranar bukata, musamman in kayan mutane zai ɗauko. In kuma ta tsaya, ya faɗi gaskiya tun kiran farko. Man ya tsayar da motar, amma ni na tsayar da taimakon. Da wata Sallar ta zagayo, baiwar Allahn ta gaishe ni da fara'a kamar kullum, ta kuma wakilta wani.