Matar da Ta Ƙi Ɗauko Shilan daga Aji

"Ba zan ɗauko ta ba."

Haka Misis Garvie ta faɗa wa shugaban makarantarmu ta firamare a unguwar Govanhill da ke Glasgow, tana tsaye a ƙofar ofishinsa. Mataimakiyar malamai ce kawai. Kullum ƙarfe takwas za ta sauko daga bas, ta ja 'yar kujerar yara ta zauna da mu da muka zo Glasgow ko gaisuwa ba mu iya da Turanci ba.

Wadda aka ce ta ɗauko ita ce Shilan, 'yar Kurdawa mai shekara tara, watanta bakwai da fara jin Turanci. A ofis kuwa maƙwabciyar su Shilan ce zaune, za a gaya mata an kai ƙararta wurin jami'an kula da yara. Ana neman mai fassara, shi ne ake so Shilan ta yi.

"Elspeth, minti biyar ne fa," in ji shugaba, yana kiran Misis Garvie da sunanta na yanka.

"Ranka ya daɗe, bene ɗaya suke hawa. Yarinya ta gaya wa uwar wasu wannan magana, gobe kuma ta gaishe ta a matakala? Ga waya nan, kira masu fassara."

"Sai an jira kwana uku!"

"To a jira mana. Shilan tana darasin lissafi."

Abin takaicin, a lokacin ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin laifi. Duk yaron da bakinsa ya buɗe da wuri, ladansa a riƙa fizgo shi daga aji. Mun fassara takardun asibiti, mun tsaya tsakanin iyayenmu da masu yi musu tsawa, muna rage zafin magana don kada uwa ta ji kunya. A shafa mana kai a ce muna da ƙoƙari, ƙarshen zango kuma a rubuta cewa mun yi baya a darasi. To yaushe muka zauna?

Misis Garvie, ke ce kika ce ya isa. Ke ce kika tare mahaifiyata a bakin ƙofa, ranar da aka ce ta daina yi mana yarenmu a gida. Na buɗe baki zan fassara kika harare ni. Da hannu kika yi ta kwatance, kina nuna ƙirjinki, kina nuna nata, har ta gane: Turanci aikinki ne, ita ta riƙe nata. Saboda ke yau nake gardama da harshe biyu, kuma ba na sunkuyar da kai a ko ɗaya.

Da na je gidan Misis Garvie na ce zan rubuta wannan, sai ta ce, "Ke 'yar nan, duk digirin naki kin rasa aikin yi ne? Ci biskit." Taurin kai dai har yau!

Mun gode, Misis Garvie. Ku kuma masu aikin makaranta, in an aike ku ɗauko yaro, ku tambaya me zai je ya faɗa. Amma ku san abin da ta biya. Da ta ƙi sau huɗu, sai aka cire ta daga aji aka mayar da ita tsaron filin wasa da ɗakin cin abinci. Sau biyu tana neman ƙarin girma ana bai wa waɗanda ta koya wa aiki. Shekara goma sha ɗaya ta yi a tsaye cikin ruwa da sanyi. Ranar Juma'a ta yi ritaya, ba ta sake koyar da yaro ko ɗaya a cikin aji ba.