Ranar da Baba Mai Aski Ya Bar Mu da Rabin Kai

Ku matso kusa, yau za ku ji wanda Baba Mai Aski ya zaɓa. E, shi ɗin dai, mutumin da ko matarsa ta tambaye shi wace riga ya fi so sai ya ce duka sun yi kyau. Har gindin tagarsa na je saboda ku. Amma ku dakata tukuna, in ba ku san mutumin ba, sirrin ba zai yi muku daɗi ba.

Tun ina rarrafe Baba yake aski a layinmu. Shagonsa ɗaki ɗaya ne: kujera mai juyawa da ta daina juyawa, madubi mai tsaga a kusurwa, benci biyu suna kallon juna, sai ƙusoshi a bango inda ake rataye huluna. Hannunsa akwai laushi, yana maka aski kana gyangyaɗi. Sai dai tsoro. Jama'a, ban taɓa ganin matsoraci irinsa ba. Tayar mota ta taɓa fashewa a titi, a ƙarƙashin benci aka zaƙulo shi yana salati. Ƙadangare in ya gyaɗa masa kai, shi ma gyaɗa masa yake, don a rabu lafiya. Zaɓe kuwa bai taɓa yi ba. Duk ranar zaɓe sai ciwon ciki ya kama shi, ya warke da yamma.

To zaɓen bana ya zo da zafi, ya raba layinmu biyu. Bencin dama ya zama na Mahauci da mutanensa, na hagu na Direba da nasa. Mutanen da suka yi shekaru suna aron tsani da bokiti a junansu, gaisuwa ma sai da ƙyar.

"In naku suka ci, shagunanmu za su rushe," in ji Mahauci.

"In naku suka ci, sai dai mu kwashe kayanmu mu bar garin," in ji Direba.

Baba yana tsakiya da injin aski, ya ce wa wannan "haka ne," ya juya ya ce wa wancan "ƙwarai kuwa."

Sai jita-jita ta cika wayoyi: wai ranar zaɓe za a zo da sanduna, duk wanda ya fita ya kuka da kansa. Nan ne kawai bencin biyu suka yi baki ɗaya: ba mai fita.

Ga inda ta taɓa Baba. Autarsa, Malama, wadda take koyarwa a firamaren ƙarshen layi, an ɗauke ta aikin zaɓe a makarantar. Ya roƙe ta, ya lallashe ta, har ƙaryar hawan jini ya yi. Ta ce, "Baba, na karɓi aikin nan, zan je. Rumfar da ta cika da jama'a ba mai taɓa ta. Wadda aka watse aka bari ita 'yan daba suke nema." Tun daga nan Baba ya shiga neman dabara. 'Yarsa za ta zauna a fili da akwati a gabanta, unguwa duk ta kulle ƙofa.

Ranar zaɓe da sassafe sai ga Baba a bakin shago yana shela: aski kyauta! Kun san mu da kyauta. Masu cewa ko an ja su da igiya ba za su leƙo waje ba, su ne a gaba. Ni ma na je, don in ga su waye marasa kunya.

Ya ce, "Yau kun yi yawa, salo zan canza. In bi kowa in aske gefen dama, sannan in dawo hagu. Ya fi sauri."

Muka rataye huluna, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, ƙwal ƙwal. Da ya gama da na ƙarshe ya ce mu ɗan fita ya share gashi. Muna fita ya jawo ƙofa, ya danna kwaɗo, hulunanmu a ciki. Ya jefa injin a aljihu.

"Sauran rabin yana makaranta," ya ce. Ya kama hanya.

Mahauci ya ce, "Baba, wasa kake ko?"

Direba ya kalli Mahauci ya fashe da dariya. "Kai, dubi kanka, kamar gonar da ruwa ya kori mai noma!"

"Ka ga naka? Kamar tayar da ta cinye gefe guda!"

Rabon da su yi dariya tare har an manta. Muka juya za mu gudu gida, sai ga matanmu a ƙofa, kowace riƙe da katin zaɓen mijinta da nata. Ashe Inna, matar Baba, ta riga ta zaga gidaje. Tawa ta ce, "Da wannan kan ba za ka shigo min ɗaki ba. Wuce mu je."

Haka muka jera, rabin kai na sheƙi a rana, mata a baya suna riƙe ciki don dariya. Masu leƙe ta taga suka fito kallo, kallon ya kai su har makaranta. A can muka tarar da Malama da abokan aikinta, fili fayau, sai wasu samari da ba 'yan unguwa ba sun jingina da katanga. Da suka ga wannan runduna, suka tuna suna da aiki a wani wuri. Malama ta hango ubanta a gaba, ta rufe baki da hannu, idonta ya kawo ruwa.

Baba ne ya fara jefa ƙuri'a. Tawada har gwiwar hannunsa, na rantse saura kaɗan ta kai kunne. Sannan ya ajiye kujera a gindin bishiya: nuna yatsa mai tawada, a ƙarasa maka askin. Da idona na ga Mahauci yana riƙe wa Direba madubi.

Ko ƙwarzane ba a yi wa kowa ba. Wani ɓangare ya ci, wani ya sha ƙasa, ba shagon da aka rushe, ba wanda ya bar gari. Bencin biyu har yau suna musu, amma yanzu a kan kwata da famfo ne, kuma in an tashi tare ake tafiya. Wallahi mun gode wa tsohon nan. Matsoracin layi ne ya fitar da mu.

To, sirrin. Shekaranjiya da rana Inna ta kawo masa abinci shago, ni kuma takalmina ya ga damar tsinkewa daidai gindin tagar baya.

"Wai tsakani da Allah, wa ka dangwala wa?" in ji ta.

"Ni da tsoro ya yi ta kora kamar akuya tun ina saurayi, kuma in zaɓi mai ƙara min shi? Wanda ya yi maganar rufin ajin 'yarmu da kwatar layin nan na nema."

"To wane ne a cikinsu?"

Ya rage murya. Na ɗaga dunduniya, na manna kunne da katako. Sai taga ta buɗe, ga Baba da cokali a hannu.

"Ɗan nan, kunnen nan ni nake aske gefensa tun kana kuka a cinyar uwarka, ko inuwarsa na gani na san shi. Shigo ka ci abinci, takalminka lafiyarsa ƙalau."