Layin da Na Ƙi Gogewa

Ni ɗan gidan malamai ne a Lakwaya. Kafin na san boko na iya ajami, kuma tun ina ƙarami aka koya mini cewa rubutun da ke ɗauke da sunan Allah ba a wulaƙanta shi. Ku riƙe wannan, samari, domin zai dawo.

Sunusi abokina ne tun muna wanke allo tare a zauren mahaifinsa, marigayi Malam Ado. Da ya girma ya ƙera manhaja ta yanar gizo, wadda Islamiyoyin Gwarzo ke sa sakamakon jarrabawa a kanta, iyaye su duba ta waya. Shekara biyu ya yi yana rubuta ta. Ni kuwa nake zagaya makarantu ina koya wa malamai amfani da ita.

Tsoronsa ɗaya, kada wani ya kwafe masa aikin. Da farko ya cakuɗa rubutun manhajar, wanda ake ce wa kod, yadda mai leƙe ba zai gane kansa ba. Na ce, "Wannan ɓata wa ɓarawo lokaci ne kawai. Ba ni kwana uku." Na kuwa warware shi, muka yi dariya. Sai ya sa lambar lasisi, manhajar ba ta tashi sai an shigar da ita. Na nuna masa duk wanda kod ɗin ya shiga hannunsa zai zare wurin da ke tambayar lambar, kamar zare ƙusa daga ƙyaure. Daga nan ya kwashe ainihin aikin ya mayar kan saba, wato babbar kwamfutar da ke nesa, abin da ke isowa wayar mutum sakamako ne kawai. Wannan ta gagare ni.

Na ce, "To, yanzu ka gama da ɓarayi."

Ya ce, "Saura na cikin gida, Malam." Wasa yake yi.

Da jinya ta tsare shi da mahaifiyarsa a Kano, ni ya ba kalmar sirrin sabar. Na fara da ɗaukar shafi ɗaya, wai don in koya. Bayan mako guda, tsakanin azahar da la'asar, na juye komai cikin filas, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a kwashi bayanai. Na ce wa zuciyata nasa yana nan, ban rage masa ko harafi ba.

Na sauya launi, na sauya suna, na shiga sayar wa makarantun Kabo. Ina cikin share sawunsa sai na ci karo da layi ɗaya a ƙarshen wani fayil, an rubuta shi da ajami, irin yadda marubutanmu ke rufe littafi: "Alhamdu lillahi, an gama. Sunusi ɗan Malam Ado ya rubuta. Allah Ya jiƙan mahaifinsa." Na ɗora yatsa kan maɓallin gogewa. Malam Ado ne ya fara riƙe hannuna a kan alƙalami. Na janye yatsan, na bar layin.

Wata rana manhajar da na sayar ta tsaya wa wani shugaban makaranta a Garo, ya nemi mai gyara, aka haɗa shi da Sunusi. Da Sunusi ya buɗe ta ya ga layin nan, sai ya kai ni ƙara.

A kotu na rantse da baki cewa aikina ne. Sunusi bai ɗaga murya ba, ya dai roƙi a buɗe fayil ɗin. Alƙali ya dube ni ya ce, "An ce ka iya ajami?"

Na ce, "Na iya, ranka ya daɗe."

"To karanta mana."

Na karanta tiryan-tiryan. Da na zo kan addu'ar, rabin mutanen kotun suka amsa da amin.

Wata goma sha takwas na yi a gidan yari. Wani da muke ɗaki ɗaya kullum sai ya tsokane ni: "Malam mai ajami, maɓalli ɗaya fa! Kai ko sata ba ka iya ba." Da na fito, samarin shagunan kwamfuta na Gwarzo suka ɗora daga inda ya tsaya. Har akwai mai zuwa a ɓoye wai in fasa masa manhajar wani.

To ku ji da kyau. Ba zan fasa wa kowa manhajar wani ba, kuma ku daina ce mini kwafa ba sata ba ce. Shekara biyun mutum na ɗauke. Mai son tsare aikinsa ya bar shi kan saba, ya yi yarjejeniya a rubuce ko da ɗan'uwansa ne, ya san wanda yake miƙa wa kalmar sirri, kuma ya binne shaidarsa a ciki. Cakuɗawa da lasisi ƙari ne, ba katanga ba.

Na je gaban Sunusi na nemi gafara. Ya yafe, amma bai sake ba ni kalmar sirri ba, kuma daidai ya yi.

Satar nake nadama, na tuba ga Allah a kanta. Layin nan kuwa, ku yi ta dariya. Da na goge shi, da har yau ina yawo cikinku da babbar riga, ɓarawon da ba a kama ba.