Filin Yaya Habu da Babban Baƙon da Na Kawo

Shekara talatin da bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Habu, malamin wasanni a wata kwalejin koyon sana'a da ke hanyar Challawa. Har yau in na ji makaranta na kukan rashin kuɗi, na san wanda za a fara yankewa. Ban taɓa jin an fara da motar shugaba ba.

A shekarun saba'in Yaya Habu ɗan gata ne. Masana'antu na aiki ba dare ba rana, kusan kowace na da kulob, kuma a filinsa suke tsintar 'yan wasa. Ɗalibi in ƙafarsa na da kyau, yakan sami aiki a masaƙa tun bai karɓi takardarsa ba.

Sai zamanin tsuke bakin aljihu ya zo. Aka soke motar zuwa gasa, aka bi da riguna, har fentin zana fili. Yaya ya koma zana layi da toka. Ni lokacin ina aikin sito a wani kamfanin jima, sai karambani ya kama ni. Kun san al'adarmu, mai hali ba a roƙonsa kai tsaye, babban baƙo ake yin sa. Na lallaɓi manajanmu ya zo ranar wasannin kwalejin. Ya zauna a rumfa, ya tafa, ya miƙa kofi. Ina ta murna da yadda yake ƙare wa filin kallo, ashe auna shi yake yi.

Ba a yi wata ba ya nemi hayar filin don ajiye tireloli. Hukumar kwaleji, wadda abincin ɗalibai ma ya gagare ta, ta karɓa hannu bibbiyu. Garin neman gira muka rasa ido.

Abin da ke ci mini rai shi ne, tunda fili a hannun malamin wasanni yake, shi aka bar wa makullin. Kullum da safe Yaya ne ke buɗe wa direbobi ƙofa. In ya ajiye aiki, saura shekara uku fansho, ga iyali. In ya yi magana, a ce yana so yara su kwana da yunwa saboda ƙwallo. Gaba kura, baya sayaki.

Na je gidansa a Panshekara in ba shi haƙuri. Ya ce, "Kai a hannunsu kake ci, ni ma yanzu a hannunsu nake ci. Wa zai yi wa wani faɗa?" Ya rasu saura wata huɗu ya yi ritaya.

Yau kamfanin ya rufe, tirelolin sun watse, amma filin bai dawo ba, shaguna ne reras. Da zai ga yadda kwalejoji ke ci gaba da yanka filayensu, ba na jin zai yi mamaki. Tambaya kawai zai yi, ina yaran suke gudu yanzu?

Me ya rage nasa? Ba fili, ba kofi, sai 'yan dattawa masu ciwon gwiwa da ke yi masa addu'a. Sai kuma rufin asirin da ya yi mini, don bai taɓa gaya wa kowa wanda ya gayyato manajan ba. 'Ya'yansa, Sani da Hadiza, sun tashi suna tsine wa mutumin da ya kawo baƙon nan, suna kuma durƙusawa su gaishe ni Baffa. Na gaji da amsa gaisuwar a haka. Sani, Hadiza, ni ne.