Kalmar Farko

Malama A-Sake kowa ke kiranta, har Fasto ma haka yake cewa idan bakinsa ya suɓuce. Daga ajinta sunan ya fito, aji uku na makarantar firamaren da ke bayan coci, mai rufin kwanon da in ana ruwa ba ka jin na kusa da kai. Takan tsaya gaban allo da sanda, ba ta duka ba, ta nuni, ta faɗi kalmar farko ta shafi, sai yara su kwararo sauran kamar an buɗe famfo. Suna kaiwa ƙarshe ta ce, "A sake!" Su sake. Mai gyaran takalmin da ke jikin katanga, wanda bai taɓa zama a bencin makaranta ba, shi ma ya haddace littafin aji uku tas.

Makarantar ƙarama ce, filin wasanta ma rabinsa wurin ajiye motocin masu zuwa sujada ne. Amma tana da suna, kuma Malama ce ta yi mata shi. Duk baƙon da ya zo, ko mai duba makarantu ko dattijon coci, ajinta Hedimasta ke nufa da shi kai tsaye. Yara su miƙe, littafi a buɗe, yatsa a kan layi. Ta ba su kalmar farko. Baƙo ya fita yana jinjina kai, wai bai taɓa ganin yara masu saurin karatu haka ba. Ya yi gaskiya, don sau da yawa bakin yakan riga yatsan isa ƙasan shafi.

A yi mata adalci, ba ha'inci take yi ba. Ita ke riga kowa zuwa, ta ɗinke wa wannan maɓalli, ta share wa wancan majina. Abin alfaharinta a duniya guda ne, takan kuma faɗe shi ko ba a tambaye ta ba: "Ba yaron da ya bi ta hannuna ya fita bai iya karatu ba." Ɗanta na cikinta ma, wanda yanzu makanike ne, a ajin nan ya ci kyautar karatu, hoton yana nan rataye a falo.

An taɓa kawo wata sabuwar malama mai katunan haruffa, tana sa yara su haɗa baƙi da wasali a hankali. Malama ta ce wannan ɓata lokaci ne. Iyaye ma suka yi ƙorafi, wai ajin ya cika shiru, su kuwa so suke su ji karatu tun daga titi. Baiwar Allah ba ta ga ƙarshen shekarar a makarantar ba.

Da Malama ta yi ritaya, wata tsohuwar ɗalibarta ta gaji ajin da sandar da "A sake" ɗin gaba ɗaya. Ba a jima ba yanar ido ta rufe wa Malama gani. Ba rashin ganin hanya ne ya dame ta ba. Littafinta na addu'ar safe ne ya tsaya mata a rai, zaren alama yana nan a shafin da ta tsaya, ta kasa ci gaba. Abin yana cin ta ƙwarai, amma ta lallashi kanta, ai gidan cike yake da masu karatu.

Wata rana da la'asar jikarta, takwararta, ta dawo daga makaranta da kyautar karatu irin ta ubanta. Malama ta shafa kan yarinyar, ta lalubo littafin daga ƙarƙashin matashi.

"Zo nan, Takwara, yau zan ci moriyar wahalata. Buɗe inda zaren yake ki karanta mini."

Yarinyar ta buɗe, ta gyara tsayuwa, ta ɗora yatsa. Sai ta ɗago tana kallon kakarta.

"Ina jin ki."

"Kaka, ba ki faɗi kalmar farko ba."

"Yo ina na gan ta? Ke ce mai ido."

"Ai ba a ba mu wannan shafin ba, Kaka."

Nan take Malama ta sami wanda za ta ɗora wa laifi. Malaman zamani! Ashe bayan tafiyarta makaranta ta lalace. Tana cikin wannan faɗan ɗanta ya shigo daga gareji yana goge baƙin mai a hannunsa.

"Madalla. Karɓi littafin nan ka nuna wa 'yarka yadda ake karatu a zamanina."

"Mama, hannuna da datti."

"Wanke ka zo, ina jira."

Ya daɗe a wurin wankin, ta ji ƙarar ruwa har ta gaji. Ya dawo ya karɓi littafin, ya yi gyaran murya. Ta ji ya haɗe ƙafafunsa wuri guda, yadda ta koya masa gaban baƙi. Ta jingina da bango, ta fara murmushi tun bai buɗe baki ba.

Can ya sunkuyo kusa da kunnenta don kada 'yarsa ta ji.

"Mama," in ji shi, "ɗan fara mini."